Sanata da Sauya Sheƙa: Abin da Doka Ta Tanada

Al'ummar Babban Mutum ta ƙaramar hukumar Baure tana cikin mazaɓar Sanatan Katsina ta Arewa, watau shiyyar Daura. A 2022 Sanata Ahmad Babba Kaita na wannan mazaɓa ya bar APC ya koma PDP. A zaɓen 2023 Nasir Sani Zangon Daura na APC ya lashe kujerar.

Muna tunatar da jama'a cewa Tsarin Mulkin 1999 bai amince da ɗan takara mai zaman kansa ba, sai wanda jam'iyya ta tsayar. Sashe na 68 ya tanadi cewa sanatan da ya sauya sheƙa zai rasa kujerarsa, sai fa in jam'iyyarsa ta dare gida biyu ko ta haɗe da wata.

Saboda haka mu riƙa tambayar wakilanmu: aƙida ce ta tashe su, ko neman tikiti?