Kati ko Manhaja: Wanne Ya Fi Fitar da Hoton Faifan DVD a Kwamfuta?

Sa'ad da faifan DVD ya shigo kasuwa a ƙasar Japan cikin watan Nuwamba na 1996, sa'an nan a Amurka cikin Maris na 1997, masu kwamfuta sun gamu da wata matsala. Hoton da ke cikin faifan a dunƙule yake bisa tsarin da ake kira MPEG-2, tilas ne kuma a warware shi kafin a gani. A tsarin PAL, wanda talabijin ɗin Nijeriya ke bi, sai an warware hotuna 25 cikin kowace daƙiƙa, kowane hoto kuwa yana da ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye. Aikin nan ya fi ƙarfin galibin kwamfutocin wancan zamani.

Sai aka ɓullo da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce mutum ya sayi kati na musamman ya soka a cikin kwamfuta, kamar Dxr2 na kamfanin Creative ko Hollywood Plus na kamfanin Sigma Designs. Katin nan ba shi da wani aiki sai warware hoto, watau ya sauke wa ƙwaƙwalwar kwamfuta nauyi. Ta biyu kuwa ita ce manhaja, irin su PowerDVD da WinDVD, wadda ke ɗora aikin duka a kan ƙwaƙwalwar kwamfutar.

Masu goyon bayan kati suna da hujja. Ko da kwamfuta ta tsufa, fim yakan tafi sumul ba tsinkewa, kuma idan aka jona katin da akwatin talabijin, hoto yakan fito ras. Amma akwai cikas. Yawancin katunan nan sai an ratsa wata gajeriyar waya ta cikinsu kafin hoto ya isa allon kwamfuta, wannan ratse kuwa yakan sa rubutu da hotunan allon su ɗan dushe, har a lokacin da ba a kallon fim.

Manhaja ba ta da wannan aibi, don hotonta kai tsaye yake zuwa allo. Nata ciwon shi ne, idan ƙwaƙwalwar kwamfuta ta gaza, sai ta riƙa tsallake waɗansu hotuna, fim ya dinga ɗingishi, wani lokaci ma baki ya motsa dabam, murya ta fito dabam. Saboda haka amsar gardamar ta danganta ne da inda za a yi kallon: talabijin ya fi dacewa da kati, allon kwamfuta mai ƙarfi kuwa da manhaja.

Gardamar ba ta daɗe ba. Bayan fitowar Pentium III a 1999, ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ishi aikin, kamfanoni irin su ATI kuma sun riga sun sanya wani sashe na aikin warwarewa cikin katin hoto na yau da kullum. Ba da jimawa ba kasuwar katin musamman ta mutu.

Har ila yau akwai abin lura ga wanda ya ajiye faya-fayen finafinan Hausa ko na bikin gidansu. Da yawa daga cikinsu VCD ne, wanda hotonsa ɗigo 352 ne da 288 kacal, watau kusan kashi ɗaya cikin huɗu na DVD. Idan irin wannan faifai ya fito dishi-dishi a babban allo, kada a ɓata kuɗi wajen sayen wata na'ura, don babu kati ko manhajar da za ta dawo da abin da ba a naɗa ba tun fari. Abin da ya fi shi ne a kwafe faifan cikin kwamfuta tun bai karce ba, a kuma ajiye kwafin a wuri biyu.