Asalin Kalmar Gurneti da Takwarorinta a Wasannin Bidiyo

A shagunan wasannin bidiyo na Jimeta da Yola, matasa kan ji sojojin wasannin Call of Duty, waɗanda suka faro a 2003, suna kururuwa da Jamusanci da Rashanci. Galibin kalmomin baƙi ne, kamar Achtung, wato hattara. Sai dai Granate ta Jamusanci da granata ta Rashanci danginmu ne, domin tushensu ɗaya da gurneti, wadda Hausa ta aro daga Ingilishi. Asalinsu duka granatum, sunan rumman a Latinanci, saboda kamannin makamin da shi. Hausa ta raba cunkoson baƙaƙen farkon kalmar da wasali, ta kuma rufe ƙarshenta da wasali, bisa tsarin gaɓarta.