Karkarwar Kat-kat Yayin Taka Totur a Hanyoyin Agiye

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Gidan Runji da Cadawa da Agiye da Gazawa ta nufi Damagaram, ita ce kwaltar da akasarin motocin wannan yanki na jihar Maraɗi ke bi, amma da zarar an sauka daga kanta zuwa ƙauyuka sai rairayi da gargada, da damina kuma a haɗu da ruwan fadama. Shi ya sa asibitoci da ƙungiyoyin agaji da 'yan kasuwa suka dogara ga kat-kat, wato motar da injinta ke iya juya tayoyi huɗu gaba ɗaya, musamman Hilux da Land Cruiser samfurin 70 da kamfanin Toyota ya fara ƙerawa a 1984. Daga cikin ƙorafin da aka fi kai wa makanikai game da su akwai karkarwar da ke tasowa idan an taka totur, ta lafa idan an ɗaga ƙafa.

Abin da aka fi garzayawa a yi shi ne sauya taya, alhali wannan alama ba kasafai take fitowa daga taya ba. Tayar da ta kumbura, ko wadda busasshen taɓo ya maƙale a cikin ƙarfenta, tana girgiza mota ne a wani gudu na musamman, ko an taka totur ko ba a taka ba, kuma idan ta gaba ce a sitiyari ake jin ta. Saboda haka gwajin farko ba ya bukatar sifana: a kai motar gudun da take karkarwa a kan miƙaƙƙiyar kwalta, sannan a taka kuloci a bar ta ta gangara, idan girgizar ta ci gaba a duba tayoyi, idan kuwa ta ɗauke nan take to matsalar tana tsakanin inji da aksil. Haka kuma, idan aka tsayar da motar aka ba ta wuta ba a cikin giya ba, ta kama rawa, zargi ya koma kan injin kansa, ko robobin da yake zaune a kansu, ko man da ya haɗu da ruwa da datti.

Inda aka fi samun laifin shi ne farfela, dogon bututun ƙarfen da ke ɗauko juyi daga akwatin giya ya kai wa aksil, wanda a Nijar aka fi kira kardan. A kowane bakinsa akwai kuros, gaɓa mai yatsu huɗu da ke juyawa a kan siraran allurai cikin giris, kuma da yake farfela tana juyawa kusan sau huɗu kafin taya ta kewaya sau ɗaya, ɗan sako-sakon da ido ba ya gani yana iya zama gurnanin da ake ji ƙarƙashin kujera. Ruwan Gulbin Kaba da na kwazazzabai yana wanke giris da damina, ƙurar hunturu ta shige gurbinsa, alluran su bushe su niƙe. Makanikin da ya san aikinsa yakan tokare tayoyi da duwatsu, ya cire giya, ya shiga ƙarƙashi ya murɗa farfelar da hannu yana kallon kuros: jan gari mai kama da tsatsa a gefen murfinsa, ko ƙarar ƙwas idan an saka giya, shaida ce cewa ya mutu.

Akwai kuma karkarwar da gyara ke haifarwa. Kuros da ke aiki a karkace yana ƙara sauri ya rage sau biyu a kowane juyi, kuma na ɗaya bakin ne ke soke wannan tangarɗa, muddin kunnuwansu suna kan layi guda. Idan aka zare farfela aka mayar da ita ba daidai ba, ko da da haƙori ɗaya ne, sabon kuros ma ba zai hana girgiza ba, don haka ake shata ta da alli ko fenti kafin a kwance. Lodin da ya wuce kima a ranakun kasuwa, buhunan gero da wake da aya har saman kai, yana danne sifirin ya sauya kwanar da farfela ke aiki a kai, abin da ke bayyana dalilin da wata motar ke karkarwa da kaya ta yi lafiya lau in babu.

Akasarin waɗannan motoci ba su da na'urar da ke raba gudu tsakanin aksil na gaba da na baya, saboda haka direban da ya fito daga rairayi ya hau kwalta bai fitar da giyar taya huɗu ba yana murɗe ƙarafan motarsa ne da kansa, sai ta riƙa tirjiya a kwana, libar giyar ma ta ƙi fita har sai an ɗan ja da baya. Wannan sakaci yana cin kuros. Gwajin rarrabewa a nan shi ne a koma taya biyu, a buɗe makullan cibiyar tayoyin gaba a motar da ke da su, idan karkarwar ta ɓace to daga gaba take, kuma a Hilux na zamani sai a leƙa robar da ke rufe gaɓar ciki ta shaf ɗin tayar gaba, domin idan ta yage giris yakan fantsama a kewayenta.

Jinkirin gyara yana da haɗari, domin kuros na gaban farfelar baya idan ya tsinke ana cikin gudu, bakin farfela kan faɗo ya soki ƙasa, ya fasa akwatin giya ko ya ɗaga bayan motar, kuma idan hakan ta faru a hanyar Gangara ko ta Cadakori, kayan gyaran galibi sai an aika Maraɗi ko Katsina.