Kafin Ka Sayi Tamostat na Zamani, Duba Wayoyin Cikin Bango

A ƙasashen sanyi irin su Amurka da Kanada, da wuya ka shiga gida ba ka ga wata 'yar na'ura manne a bango ba, wadda ke auna ɗumin ɗaki, ta ta da murhun ɗumama gida ko ta tsayar da shi. Ita ake kira tamostat. A 2011 Tony Fadell da Matt Rogers, tsofaffin injiniyoyin Apple, suka fito da samfurin Nest mai hawa intanet, wanda ke koyon lokutan shiga da fitar mutanen gida, kuma ana iya juya shi daga wayar hannu. Kasuwa ta karɓe shi, har Google ya saye kamfanin a 2014 kan dala biliyan 3.2.

Sai dai mai tsohon gida yakan sayo sabuwar na'ura da murnarsa, ya ɓalle tsohuwar, sai ya ga siraran wayoyi biyu kacal suna leƙowa daga rami. Nan ake yin ta.

Tsohon tamostat makunni ne kawai. Dubi mai siffar faifai da Honeywell ya fitar a 1953, wanda har yau ana samunsa a tsofaffin gidaje. A cikinsa akwai naɗaɗɗen ƙarfe mai warwarewa ko tsukewa gwargwadon zafi, da 'yar kwalba mai ɗigon zaiba a bakinsa. Ɗaki na yin sanyi, kwalbar ta karkata, zaibar ta gangara ta haɗe wayoyin biyu, murhu ya tashi. Wayar R ke kawo wuta mai bolt 24 daga ƙaramin taransifoman murhu, wayar W ta kai umarnin ɗumamawa. Shi kansa makunnin ba ya cin wuta ko kaɗan.

Na zamani kuwa ƙaramar kwamfuta ce mai allo da intanet, tana bukatar wuta dare da rana. Lantarki kuma ba ya gudu sai da hanyar zuwa da ta komawa. R ce ta zuwa. Ta komawar ita ce wayar C, wadda masu wayarin na da ba su ga dalilin ja ba. Gidan da aka ƙara wa na'urar sanyaya ɗaki yakan samu Y ta kwamfuresa da G ta fanka, amma sau da yawa C ba ta ciki.

Wasu samfuran, har da Nest, suna da dabarar tsotsar wuta kaɗan-kaɗan ta wayar W ko Y su cika batirinsu. A wani gidan dabarar kan yi aiki lafiya lau. A wani kuwa murhu ya riƙa tashi yana mutuwa babu dalili, ko batir ya ƙare a tsakiyar hunturu, gida ya kwana cikin sanyi.

Mafita tana da yawa. Da farko a jawo kebul ɗin a hankali a duba, domin akan tarar da wayar da ba a yi amfani da ita ba an lanƙwashe ta a baya; sai a ɗaura ta a mazaunin C a bango da kuma jikin allon murhu. In babu, a ja sabon kebul mai waya biyar, wanda shi ne gyara mai ƙarko, ko da yake tsohon bango kan wahalar da mai ja. Kamfanin Ecobee na Toronto yana haɗawa da wani ɗan akwati da ake maƙalawa a murhu, ya sa waya huɗu su yi aikin biyar. Akwai kuma masu mai da G ta zama C, amma sun haƙura ke nan da kunna fanka ita kaɗai.

Launin waya ba abin dogaro ba ne, don ba kowane mai wayarin ne ya bi ƙa'ida ba. Harafin mazaunin da wayar ke ɗaure shi ne shaida, saboda haka a ɗauki hoto kafin a kwance sukuru ko ɗaya. A kuma kashe wutar murhu daga babban makunni, domin R na taɓa C, fiyus ɗin allon zai ƙone.

Inda abin ya wuce gyaran kai shi ne a ga wayoyi masu kauri. Wannan alama ce ta hitar lantarki mai bolt 120 ko 240, kuma haɗa mata na'urar bolt 24 na iya ƙona na'urar, ko ya ta da gobara. Irin wannan gida sai samfurin da aka ƙera don shi, kamar Mysa. A Ingila ma yawancin tukwanen ɗumama gida da wutar bolt 230 ake kunna su, shi ya sa samfurin Hive ke zuwa da akwati dabam da ake haɗawa kusa da tukunyar, ita na'urar bangon ta yi magana da shi ta iska. Duka wannan aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne. Tsohuwar mai zaiba kuma guba ce, wurin karɓar shara mai haɗari ake kai ta.

Wanda ke shirin yo tsarabar Nest zuwa Kano ko Maraɗi ya dakata: na'urorin sanyaya ɗakunanmu da rimot suke aiki, ba su da R balle C. Mazauna ƙasashen sanyi kuwa, ɗan haya ya fara neman izinin mai gida, mai gida kuma ya buɗe murfin ya ƙirga wayoyinsa tun da sauran ɗumi, ya gwada su da shafin tantancewa na kamfanin na'urar kafin ya biya kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya.