Wuƙar Kube: Abin Dubawa Kafin a Ciro Kuɗi

Jajibirin wata Babbar Salla na sayi wuƙa a tashar mota. Tana ƙyalli kamar madubi, bayanta da haƙora irin na zarto, mariƙinta baƙar roba mai zanen kan damisa, ga kube da maɓalli. Mai tallar ya rantse mini ba ta tsatsa, ba ta dakushewa. Rabin maganarsa gaskiya ce, don har yau ba ta yi tsatsa ba. Washegari ana tsakiyar fiɗar rago, na sa ta a gaɓar ƙafa na ɗan murɗa, sai ruwan wuƙar ya yi nasa wuri, aka bar ni da roba a hannu. Baffana, wanda ya tsufa yana noman doya a ƙasar Gonja, bai ce mini uffan ba. Ya zaro wata baƙar wuƙa da washi ya cinye cikinta har ta rame, ya goga ta sau uku ko huɗu a bakin dutse, ya ƙarasa aikin. Kuɗin tasa bai kai rabin na tawa ba.

Wuƙar da nake magana a kai ita ce wadda ba ta naɗewa, mai zama cikin kube, wadda mutum zai fita da ita gona ko kiwo ko bakin ruwa ta yi masa aiki iri-iri: yanka irin doya lokacin shuka, feraye rogo, datse igiya, fiƙe turke, yanka zabo, gyara kifi a Makango kafin jirgin ruwan Yeji ya iso, yanke ganyen albasa a lambunan Bawku. Mai naɗewa irin Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1902 kafin a mayar da aikinta Afirka ta Kudu, tana da daɗin aljihu, sai dai tana da gaɓa, kuma duk abin da ke da gaɓa nan ne ƙasa da jini suke taruwa, nan ne kuma yake fara sakwarkwacewa.

Sha'anin ƙarfe da fata ba baƙo ba ne a waɗannan garuruwa na Ghana. A ƙarni na 19, lokacin da ayarin fatake ke tasowa daga Kano da Katsina su ratsa Borgu su biyo ta Yendi zuwa Salaga neman goro, ba 'yan kasuwa kaɗai ke tafe ba. Mahauta da wanzamai da dukawa da maƙera sun biyo sahu, da yawansu kuma sun zauna a zango ba su koma ba. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, mutane suka bazu zuwa Kete Krachi da sauran wurare, amma sana'o'in sun riga sun yi saiwa. Har gobe Dagomba suna ce wa mai aski wanzam, maƙeri kuma machele, kunnen Bahaushe ba ya bukatar tafinta a nan. Amfanin wannan tarihi ga mai sayen wuƙa shi ne, a Salaga ko Yendi ko Bawku ba sai ya dogara da abin da aka sauke daga jirgi a Tema ba. Akwai mutumin da zai ƙera masa a gabansa, wanda kuma zai iya komawa wurinsa in an sami matsala.

Tambayar farko a maƙera ita ce: da wane ƙarfe aka yi ta? Abin da ke sa ƙarfe ya riƙe kaifi wani sinadari ne da ake kira kabon, shi ne dai jigon gawayi. Rodin gini da ƙarfen duro da ƙusa ba su da shi sosai, shi ya sa ko an wasa su sun yi kaifi, kafin a gama feraye doya biyu sun kwanta. Sifirin mota yana da kusan kashi 0.6 cikin 100, wanda ya isa ya yi tauri kuma ya jure bugu. Tsohon magagari ya fi haka, yakan kai kashi 1 ko ya ɗara, yana ba da kaifi kamar aska amma yana da saurin giɓewa in ba a iya sarrafa shi ba. Don aikin daji, ni dai sifirin nake zaɓa. Ba shi da wuyar samu. Duk garejin da ake gyaran manyan motoci akwai karyayyensa, daga Suame Magazine ta Kumasi har bakin iyaka. In maƙerin yana da injin washi, sa shi ya taɓa ƙarfen a jikin dutsen ka kalli tartsatsin. Na ƙarfe mai kabon yana fashewa ya yi rassa kamar furen gero, na rodi kuwa dogayen layuka ne marasa reshe.

Amma ƙarfe mai kyau rabin zance ne. Sauran rabin yana wurin ban ruwa, kuma nan ne ake gane maƙeri da mai bugun ƙarfe kawai. Bayan an gama siffanta wuƙa, sai a mayar da ita wuta a yi ta zuga har ta yi ja sosai. A wajen digiri 770 na ma'aunin zafi ƙarfe yakan daina kama maganaɗisu, kuma ɗan sama da nan ake so ya kai. Tsofaffin maƙera ba su san lambar ba, launin suke karantawa, shi ya sa suka fi son yin wannan aiki a inuwa ko da magariba, don hasken rana yana ɓoye jan ƙarfe. Daga nan a tsoma ta cikin mai ko ruwa nan take. A wannan gaɓar ta yi tauri har ya wuce kima, in ta faɗi a kan dutse tana iya tsagewa kamar tangaran. Sai a goge ta, a sake ɗumama ta a hankali har farin ƙarfen ya koma ruwan zuma, wato zafin da bai wuce digiri 200 da 'yan kai ba, a bar ta ta huce. Wannan mataki na biyu shi ne mai gaggawa yake tsallakewa, musamman a makon layya da kowa ke tsaye a kansa. Wani kuma ban ruwan ma gaba ɗaya yake bari, ya wasa ta ta yi walƙiya ya miƙa maka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wuƙar Salla a watan Shawwal ake ba da aikinta.

Ga yadda za ka gane a kasuwa, ba tare da ka ga wutar ba. Ari magagari ka ja shi a hankali kusa da bakin wuƙar. In ya nutse ya ci ƙarfen kamar yana cin ƙusa, ba ta sha ruwa ba. In ya zame sumul bai bar ko alama ba, ta yi tauri da yawa, za ta giɓe a ƙashi kuma dutsen gida ba zai iya da ita ba. Wadda ake nema ita ce magagarin zai ɗan kama ta da ƙyar. Sannan ka ɗaga ta ka dubi bayanta daga mariƙi zuwa tsini kamar mai duba gorar mashi, ka ga ko ta karkace. Juya bakin sama a cikin rana: baki mai kaifi ba ya mayar da haske, duk inda ka ga ɗan farin layi yana ƙyalli, wurin a dakushe yake. Masu yawo da maganaɗisu suna cewa da shi suke gane ƙarfen ƙwarai suna ɓata lokacinsu ne, don kusan kowace wuƙa tana kama shi, mai kyau da marar kyau.

Abin da ya kunyata ni ranar layya kuwa ba a gani da ido, domin yana ɓoye cikin mariƙi. Kowace wuƙa tana da jela, wato ƙarfen da ya zarce daga ruwanta ya shige cikin ƙota. A wuƙar tashar mota jelar ba ta kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba, an narka roba an rufe ta. Wadda ta fi aminci ita ce jelar ta tafi har ƙarshen mariƙi da faɗinta, an ɗora itace gefe da gefe an ɗaure da ƙusa biyu ko uku, kana ganin ƙarfen a tsakiya. Ta gargajiya, wadda ake zura siririyar jela cikin itace, ita ma ba laifi muddin ta fito ta ƙarshe an lanƙwashe ta ko an dake kanta, kuma akwai zoben ƙarfe a wuyan ƙotar da zai hana itacen tsagewa. Riƙe ta ka buga mariƙin a tafin hannu. In ka ji wani abu yana motsi, ajiye. Itacen ƙirya ko marke ya fi jure wahala. Kuma a tuna da yanayinmu: itacen da aka sassaƙa da ɗanyensa a damina, hunturu na busowa zai tsuke ya saki ƙarfen.

Batun girma nan ne samari suka fi ruɗuwa. Tun da fim ɗin Rambo ya fito a 1982, masana'antu ke cika kasuwannin duniya da manyan wuƙaƙe masu haƙora a baya da rami a mariƙi. Ramin nan shi ne shaidar ba ta da jelar kirki. Haƙoran kuma ba sa yanka itace, sai dai su kama fata da igiya, su hana ka dafa babban yatsa a bayan wuƙa lokacin aikin da ke son natsuwa. Ruwan wuƙa mai tsawon santimita 10 zuwa 13, wato kamar rabin taƙi ko ya ɗan fi, da kaurin milimita 2 zuwa 3, ya wadatar. Baki ɗaya, ba biyu ba; mai baki biyu makami ce, ba kayan aiki ba. Cikinta ya ɗan yi tumbi wajen tsini don fiɗa, mariƙin kuma ya cika hannu ya rage kaɗan, da ɗan tudu ko lanƙwasa da zai tare yatsa kada ya zame kan kaifi in hannu ya jiƙe da jini ko ruwan rogo.

Kada kuma a yaudari kai da cewa wuƙa ɗaya za ta yi komai. Manomin Yendi ba ya fita ba adda, kuma addar nan mai tambarin kada da ake yi a Tema ita ke da sara da share gona da faskare. Wuƙar kube ƙanwar adda ce, tana ɗaukar abin da ya yi wa adda ƙanƙanta. Haka nan yankan sa ko babban rago yana son doguwar wuƙa irin ta mahauta, wadda za ta wuce a ja ɗaya. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Shaddad ɗan Aus ya yi umarni da a wasa wuƙa a hutar da abin yanka, kuma gajeriyar wuƙa a wuyan bijimi azabtarwa ce ko da tana aske gashi.

To farin ƙarfe fa, wanda ba ya tsatsa? Shi ƙarfe ne da aka gauraya da sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Ba abin ƙi ba ne. Masunci da ke wuni a kan tafkin Volta yana da hujjar son sa. Matsalar ita ce rashin tsatsa da riƙe kaifi abu biyu ne daban, kuma mafi yawan masu arha a kasuwa na farkon kaɗai suke da shi. Akwai na waje masu sauƙin kuɗi da suka yi suna da gaskiya, irin Tramontina ta Brazil da Mora ta Sweden, wadda ake ƙerawa a garin da ta ci sunansa tun 1891. Abin lura game da Mora, ba ta da ado ko kaɗan: ruwa siriri mai kusan santimita 10, mariƙin roba, kube na roba. Mutanen da suka ƙoshi da kuɗi suka zagaya suka dawo kan siffar da maƙerin zango ya daɗe yana bugawa. Sai dai duk sunan da ya yi kasuwa ana buga jabunsa, don haka tambari ba ya ɗauke maka gwajin magagari.

An ce araha ba ta ado, an kuma ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. A sha'anin wuƙa maganganun biyu ba sa karo, domin nagarin shi ne marar adon. In za ka ƙara wasu sidi a kan abin da ka yi niyya, ƙara su wurin baduku. Kube na fatar sa mai kauri, wanda aka sa wa tsiri na fata a tsakanin ɗinkin ta gefen kaifi don kada wuƙar ta yanke zaren, ya haɗiye har rabin mariƙi, ka kife shi ka girgiza ba ta faɗo ba. Wuƙa marar kube mai kyau ko dai ta ɓace a ciyawa ko ta sami cinyar mai ita.

Baƙin ƙarfe yana son kulawa kaɗan amma kullum. A goge shi bayan aiki, a shafa masa man kaɗanya, wanda ba ya cutar da abinci kamar baƙin man inji. Duhun da yake yi bayan yanka albasa ko lemo ba tsatsa ba ne, kariya ce ma, kada a kankare. Jan nan mai gari shi ne abokin gaba. Da damina kada a bar ta kwana da kwanaki cikin kube, don fata tana riƙe laima. Wajen washi, a kwantar da ita a kan dutse mai ruwa, a ɗaga bayanta kamar kaurin ɗan yatsa, a ja kowane gefe daidai wa daida. Injin mai washi na kasuwa yana da sauri, amma in ka ga bakin ya koma shuɗi, zafi ya kashe ban ruwan wurin, ba kuma zai sake riƙe kaifi ba sai an cinye shi.

Akwai kuma hukuma. Sashe na 206 na dokar laifuffuka ta Ghana ta 1960 ya haramta ɗaukar makami a bainar jama'a ba da izini ko ƙwaƙƙwaran dalili ba. A Bawku abin ya fi tsanani, domin saboda rikicin sarautar da ya daɗe, sanarwar hana fita da Ma'aikatar Cikin Gida ke sabuntawa takan zo tare da haramcin ɗaukar bindiga da harsashi da duk wani abin da za a iya kira makami. Wuƙar da ke cikin buhu tare da fartanya da igiya a hanyar lambu, da wadda ke soke a ƙugu ƙarƙashin riga a tsakiyar kasuwa, ba ɗaya suke ba a idon sojan da ke shingen bincike. Wanda ya sayi sabuwa ranar kasuwa ya sa a naɗe masa ita a takarda, a ɗaure, ya jefa ta ƙasan kaya har ya isa gida.