Lambun da Ake Naɗewa a Kafaɗa

Ranar Juma'a a Gwarzo, idan masallaci ya cika sahu ya fito waje, ka ɗan dubi ƙasa kafin liman ya hau mumbari. Kowa da dardumarsa, wata tsarabar Makka, wata daga Kantin Kwari. Yawancinsu inji ne ya buga su a Turkiyya ko Sin, amma furannin nan da rassan da suka nannaɗe juna, da yawansu gidansu Farisa, ƙasar Salmanul Farisi, wadda yau ake kira Iran.

A can, darduma ƙulli ce. Ana ɗaura zaren tsaye kamar na masaƙi, sai a riƙa ƙulla gashin tumaki ɗaya bayan ɗaya, a yanke, a daddanne. Dashen albasa ne sak, kowane tushe da gurbinsa. Akwai wata da ake kira dardumar Ardabil, an gama ta wajen 1540, tana wani gidan tarihi a Landan. Tsawonta ya haura mita 10, ƙullinta kuwa ya kai miliyan 25. Ka zauna ka ce za ka ƙirga ƙwayar gero a buhu, sai ka san aikin da aka sha.

Zanen da ya fi yawo a duniya shi ne mai cibiya, kuma da gurasa biyu za ka gane shi. Ajiye ɗaya a tsakiyar tire mai kusurwa huɗu. Ɗayar ka yanka ta gida huɗu, ka kai wa kowace kusurwa yanki guda. To, ka zana abin da masaƙan Kashan da Tabriz suke kira lachak toranj. Filin da ya rage sai a sakar masa rassa su yi ta yaɗo kamar kabewa a kan danga. Malamin da ke yi wa mai sauka zayyanar allo ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin tsarin ɗan uwan adon bangon Alƙur'ani ne. Ya bunƙasa a zamanin sarakunan Safawiyya, musamman Shah Abbas, wanda ya mai da Isfahan babban birninsa a 1598.

Ni dai wanda ya fi kama mini zuciya shi ne zanen lambu. Iran ƙasa ce mai ƙarancin ruwa, shi ya sa lambu yake da daraja a idonsu. Duk wanda ya taɓa tsayawa da rani a gindin dam ɗin Guzuguzu a Kabo ya san abin da nake nufi. Ko'ina ya bushe ƙayau, ƙura na tashi, sai ga fili kore shar, an yanka shi fangali-fangali, ruwa na bin hanyarsa, nan albasa, can tumatir, gaba kaɗan attaruhu. Haka Bakhtiyarawan Iran suke raba dardumarsu gida-gida, wannan da itaciya, wancan da fure, wani da tsuntsu. A tsofaffin irinta ma har magudanar ruwa ake saƙawa ta raba filin huɗu, da kifaye a ciki. Mutum ya naɗe lambunsa ya saɓa a kafaɗa, inda ya sauka ya shimfiɗa.

Sai dai aikin birni daban, na ruga daban. A Isfahan da Ƙum mai zane ne yake fitar da hoton a takarda mai gidan dara, masaƙi ya bi shi ƙulli bayan ƙulli, kamar birkila da takardar injiniya. Matan Ƙashƙai kuwa, makiyayan yankin Fars waɗanda ke tashi da tumakinsu kamar Fulaninmu, ba ruwansu da takarda. Daga ka suke yi, yadda mai saƙar faifai take sanin inda ja zai shiga. Idan zare ya ƙare aka sake rini, launin sai ya ɗan saɓa, kamar miyar jiya da ta yau, tukunya ɗaya, hannu ɗaya, ɗanɗano daban. Masana ba sa ƙirga wannan a aibi, alamar hannu ce. Shuɗinsu ma na baba ne, irin na marinar Ƙofar Mata.

Dardumar da matan nan suke yi don kwanciyarsu ita ce gabbe: mai kauri, fili guda ja ko rawaya, sai ɗan akuya a gefe. Da can 'yan kasuwa ba sa kallonta. Daga wajen shekarun 1980 Turawa suka yi caa a kanta, kuma zanen zamani hanyarta ya bi: ado kaɗan, fili da yawa, wani lokaci a kawo tsohon zane a dusashe shi da gangan. Mun ga irin haka a wuyan riga. Kakanninmu aska takwas suke so, samarin yau kuwa ɗan siririn aiki a kan shadda ya ishe su. Kowanne da kyansa, amma na fi ganin ƙwarewa a wurin wanda ya iya na da ɗin tukuna.

Saboda haka idan mai shago ya ce maka wannan 'yar Iran ce, juya bayanta kamar yadda kake juya hula zanna. Ta hannu zanenta yana fitowa sarai ta baya, ƙullin bai cika daidaita ba, gezarta kuma zaren jikinta ne. Ta inji ɗinka mata gezar ake yi. Ka duba kafin ka taya.