ZAFIN INJIN TARAKTA: DALILANSA DA MAGANINSA

Ƙasar Gombe ta daɗe da sanin motar noma. A shekarar 1975 aka kafa Shirin Raya Aikin Gona na Gombe da taimakon Bankin Duniya, tare da na Funtuwa da na Gusau, waɗanda su ne na farko irinsu a Nijeriya. Tun daga wannan zamani tarakta ta zama abokiyar aikin manoman auduga da masara da dawa. Har yanzu akwai tsofaffin Massey Ferguson, da Fiat, da Steyr wadda aka riƙa harhaɗawa a Bauchi, suna kaftu a gonakin Kumo da Deba da Dadin Kowa. Galibin masu su ba su da halin sayen sabuwa, saboda haka kula da tsohuwar ya zama wajibi.

Babu ciwon da ya fi kashe tsohon inji kamar zafi, kuma yakan zo ne a farkon damina, lokacin da kowa ke jiran a yi masa haro. In kan inji ya tsage, sai motar ta yi makonni a garejin makanike, shuka kuwa ba ta jiran kowa.

YADDA INJI YAKE SHAN ISKA

In gas ya ƙone cikin inji, wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ne kaɗai ke jan garma. Kashi ɗaya yakan fita ta salansa, sauran kuwa ruwa ne ke kwashe shi. Famfon ruwa yana tura ruwan ya zagaya jikin inji, ya ɗebo zafi, ya kai lagireto. Can sai ya bi ta waɗansu 'yan siraran bututu, fanka tana jawo iska tana fifita su, sa'an nan ya koma cikin inji da sanyinsa. Fambel guda shi ke juya fankar da famfon duka. Inji lafiyayye yakan yi aiki tsakanin digiri 80 da 95. Duk abin da ya hana ruwa zagayawa, ko ya tare iska, ko ya ɗora wa inji kayan da suka fi ƙarfinsa, shi ne mafarin zafi.

ABIN YI IN ZAFI YA TASHI A GONA

Da zarar allurar geji ta doshi ja, ko ka ga tururi, to, ka ɗaga garma, ka fid da giya. In fambel na nan kuma ruwa ba ya zuba, ka bar injin yana juyawa a hankali na 'yan mintoci, domin fanka ta rage masa zafi kafin ka kashe. In kuwa fambel ya tsinke, ko ruwa ya tsiyaye, ka kashe nan take.

Kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasa, yana iya feso maka a fuska. Ka dakata sai ka iya ɗora hannu a kan lagireton, sa'an nan ka sa tsumma ka murɗa murfin sannu sannu. Haka kuma kada ka kwarara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, gama ƙarfe ba ya jure wannan, sai ya tsage. In ya huce, ka tayar da shi, ka riƙa zuba ruwan kaɗan kaɗan.

NEMAN DALILI

A fara da abin da ya fi sauƙi da araha.

1. Ruwa. Ka duba ko ya ragu. In ya ragu, lalle akwai inda yake bi. Ka dubi tiyon sama da na ƙasa, da ɗaurinsu, da gindin famfon ruwa. Farin tabo ko jan tsatsa shi ke nuna wurin yoyo.

2. Fuskar lagireto. Wannan shi ne babban dalili a ƙasarmu. Ƙurar hunturu, da ƙaiƙayi, da gashin auduga, da 'ya'yan ciyawa sukan taru su toshe kafofin iska, musamman in an tsai da tarakta wuri ɗaya tana juya injin casar masara. Ka haska tocila ta baya. In hasken bai fito ta gaba ba, a toshe yake. A hura iska ko a zuba ruwa daga wajen inji zuwa waje, watau a mai da dattin ta hanyar da ya shigo. Kada a tsokane shi da waya ko ƙusa, don bututun ba su da kauri.

3. Fambel. Bayan an kashe inji, ka danna tsakiyarsa da babban yatsa. Ya kamata ya lotsa kamar rabin inci. In ya fi haka, santsi yake yi, fanka da famfo ba sa samun cikakken gudu. In ya yi sheƙi ko ya tsattsage, a sake shi.

4. Murfin lagireto. Shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100. In robarsa ta mutu, ruwa zai riƙa tafasa yana zubewa. Tsumma ko leda ba sa maye gurbinsa.

5. Tamostat. Wata 'yar ƙofa ce da ke buɗewa in ruwa ya yi zafi. In ta maƙale a rufe, inji zai yi zafi alhali kuwa lagireto na da sanyi. A jefa ta cikin ruwa a kan wuta. In ba ta buɗe ba kafin ya tafasa, ta mutu. Waɗansu sukan cire ta su yar, su bar wurin haka nan. Wannan kuskure ne, gama injin da ba ya kai zafinsa na aiki yakan sha mai, ya yi hayaƙi, ya tsufa da wuri. Sabuwa ake sawa.

6. Cikin lagireto. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai gishiri-gishiri yakan bar ɓawo a bututu, kamar wanda ake gani a gindin butar shayi. Ruwan kududdufi kuwa laka yake tarawa. In ka shafa lagireto bayan an kashe inji ka ji wani wuri da zafi wani da sanyi, a kai shi wurin masu wanke lagireto.

7. Baƙin mai da matatar iska. Baƙin mai ma yana ɗebe zafi, saboda haka in ya ragu ko ya tsufa, zafi sai ya ƙaru. Matatar iska in ta toshe, za ka ga baƙin hayaƙi, ƙarfi ya ragu.

8. Nauyin aiki. Baƙar ƙasa mai laka tana da nauyin ja. In inji yana nishi, ka sauko giya ko ka rage zurfin garma. Ka tabbata kuma birki bai kama ba.

LOKACIN KIRAN MAKANIKE

In kumfa tana tasowa a bakin lagireto inji na aiki, ko farin hayaƙi yana fita ba ƙaƙƙautawa, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko ruwa yana ƙarewa ba a ga inda yake zuba ba, to, gasket ya ƙone, ko kan inji ya tsage. Kada a ƙara tayar da motar. A kira makanike, ya kwance kan injin, a auna shi a ga ko ya lanƙwashe kafin a sa sabon gasket.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Kowace safiya, kafin a tayar da inji, direba ya duba ruwa, da baƙin mai, da fambel, ya share fuskar lagireto. A tanadi ruwan sama tatacce, a gauraya shi da maganin lagireto mai hana tsatsa. A zubar da tsohon ruwa a wanke lagireto sau ɗaya a shekara, tun da bazara, kafin aiki ya kankama. In geji ya mutu a gyara shi, gama shi ne idon direba. A kwanakin tsananin rana, a yi aiki mai nauyi da sassafe da la'asar.

Ya kai mai tarakta, ka karanta wa direbanka wannan takarda, ka kuma ba shi izinin tsayawa in ya ga allura ta hau. Asarar awa guda a gona ta fi sauƙi bisa ga asarar inji. In kana bukatar ƙarin bayani, ka tuntuɓi malamin gona na yankinku.